Sirrin Sana'a a Gaban Alƙali: Shari'ar Irin Masara a Amurka

Za mu yi bayani ne a kan wani aikin lauyoyi wanda ba kowa ya san da shi ba. Yawancinmu idan aka ce lauya, abin da ke zo mana a rai shi ne rikicin gona, ko na gado, ko neman belin wanda aka tsare. To, akwai wasu manyan ofisoshin lauyoyi, musamman a ƙasar Amurka, waɗanda suka ƙware a kan tsaron sirrin sana'a. Kamfanoni ne ke ɗaukarsu aiki. Suna biyansu kuɗi masu yawa don kada wani ya kwashe musu abin da suka sani, wanda abokan gasarsu ba su sani ba. Idan kuwa an riga an kwashe, waɗannan lauyoyi su ne ke kai ƙara kotu.

Shi sirrin sana'a ba baƙon abu ba ne. Mai kilishi yana da haɗin yajinsa wanda ba ya yi a gaban mutane. Mai haɗa turaren wuta tana da nata awon. Da wannan ɗan abin da suka ɓoye ne suke riƙe masu sayen kayansu. Haka abin yake ga manyan kamfanonin duniya, sai dai su nasu sirrin yana iya kai darajar miliyoyin daloli.

Amma ba kowane abu ne kotu ke yarda cewa sirrin sana'a ne ba. Sai ya cika sharuɗɗa uku. Ya zama ba a san shi ba a tsakanin masu irin wannan sana'a. Ya zama ɓoye shi ɗin ne ke kawo wa mai shi riba. Sannan ya zama mai shi ya yi ƙoƙarin tsare shi da gaske. A kan wannan sharaɗi na uku ne aka fi kayar da mutane a kotu. Alƙali ba ya tsare wa mutum abin da shi kansa ya bari a buɗe.

Rajista ko ɓoyewa

Wanda ya ƙirƙiro sabon abu yana da hanya biyu a gabansa. Yana iya zuwa ofishin gwamnati ya yi rajistar abin. A nan dole ne ya rubuta yadda ake yin sa dalla-dalla, kowa ya iya karantawa. Ita kuma gwamnati sai ta ba shi takarda, ta hana kowa kwaikwayon abin sai da izininsa. Amma takardar tana da wa'adi. A yawancin ƙasashe, har da Nijeriya, shekara 20 ce. Da zarar wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa.

Hanya ta biyu ita ce ya yi shiru da bakinsa. Ba rajista, ba takarda, ba kuma wa'adi. Muddin sirrin bai fita ba, nasa ne. Lemon Coca-Cola shi ne misalin da kowa ke bayarwa. A shekarar 1886 aka fara haɗa shi a birnin Atlanta na Amurka. Da rajista aka yi wa haɗin, da tuni wa'adi ya cika tun zamanin kakanninmu. A shekarar 1977 kamfanin ya kwashe kayansa ya bar ƙasar Indiya, saboda gwamnatin lokacin ta kawo sharuɗɗan da yake ganin za su sa haɗin ya fita daga hannunsa. Bai koma ba sai a 1993.

Zaɓa wa kamfani ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu yana cikin shawarwarin farko da lauya ke bayarwa. Idan abu ne da kowane maƙeri zai kwance ya gane yadda aka yi shi, to rajista ta fi, don ɓoyewa ba za ta yi amfani ba. Idan kuwa abu ne da ba a gane shi da ido, sai a ɓoye.

Ina sirri yake a cikin masara?

Shari'ar da za mu ba da labarinta a kan irin masara aka yi ta. Don a fahimce ta, sai mun fara duba yadda ake samar da masara mai aure, wadda kamfanonin iri ke sayarwa a cikin jaka.

Manoma sun san cewa masara tana da fure a can saman kara, tana kuma da gemu a jikin goyo. Garin furen nan ne ke zuba a kan gemu, sannan ƙwaya ta fito. A gona iska ce ke ɗaukar garin daga wannan kara zuwa wancan. Su masu binciken iri sai su hana iska yin aikinta. Sukan rufe fure da goyo da jakar takarda, su ɗebi garin karan su zuba a kan gemun shi wannan karan. Idan ƙwaya ta nuna sai su shuka, su sake yin haka. Sukan maimaita sau shida ko bakwai, suna zaɓen mai kyau suna zubar da sauran. A ƙarshe sai su sami tsantsar iri wanda bai gauraya da kowa ba. Shi kansa wannan iri ba abin sha'awa ba ne a ido. Gajere ne, goyonsa ƙarami.

Abin mamakin yana zuwa ne idan aka haɗa tsantsar iri biyu da suka dace da juna, ɗaya uwa ɗaya uba. Abin da suka haifa yakan fito da ƙarfi, kai ɗaya, da yabanya mai yawa. Wannan shi ne iri mai aure da manomi ke saye. Idan kuma manomi ya ajiye abin da ya girbe ya sake shukawa baɗi, sai gonar ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Shi ya sa malaman gona ke cewa a sayi sabo kowace shekara.

To, ka ga inda sirrin yake. Ba a cikin jakar da ake sayarwa yake ba. Yana wurin uwa da uban. Wanda duk ya riƙe su, shi ke iya fitar da wannan iri kowace shekara. Wanda kuma ya sace su, ya tsallake wahalar shekaru da kuɗin bincike, ya ci ribar gumin wani.

Shari'ar shekara 13

A jihar Ayowa, wadda take tsakiyar yankin noman masara na Amurka, akwai kamfanin iri mai suna Pioneer. An kafa shi a 1926. Wanda ya jagoranci kafa shi, Henry Wallace, daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasar Amurka daga 1941 zuwa 1945. A cikin jihar kuma akwai wani kamfani mai suna Holden. Shi Holden ba manoma yake sayar wa iri ba. Iyayen iri yake sayar wa ƙananan kamfanoni, su kuma su aurar su sayar wa manoma. Wato dai masu gasa da Pioneer a wurinsa suke samun makaminsu.

Ma'aikatan Pioneer sun lura cewa wasu iyayen iri na Holden sun yi kama da nasu ƙwarai. A shekarar 1981 sai Pioneer ya kai ƙara kotun tarayya, ya ce an sace masa sirri.

Nan fa lauyoyinsa suka gamu da babbar matsala. Ba su da mutum ko ɗaya da zai tashi ya ce ya ga ɓarawo da idonsa. Ba a kama kowa a gona ba. Ba a kama kowa da jaka a hannu ba. Haka yawancin shari'un sirrin sana'a suke, domin wanda aka sace wa saniya yana ganin turke babu kowa, amma wanda aka sace wa sirri abinsa yana nan a inda ya ajiye, sai dai ya ga wani yana cin moriyarsa.

Sai lauyoyin suka koma ga masana kimiyya. Aka ɗauki irin Pioneer da na Holden aka yi musu gwaji a ɗakin bincike, aka kwatanta sinadaran da ke cikin ƙwayarsu. Aka kuma shuka su kusa da juna aka duba yadda suka fito. Gwaje-gwajen suka nuna cewa kamar ta yi yawa. Da wuya a ce haɗuwar sa'a ce kawai.

Lauyoyin Holden su ma ba su zauna ba. Sun ce ai abin da Pioneer ke kira sirri ba sirri ba ne. A fili ake shuka shi, a gonakin da ke bakin hanya. Sun ce wani lokaci ƙwayar uwar iri takan faɗa cikin jakar da ake sayar wa manoma, kowa kuma yana da ikon saye ya tsince ta. Har ma sun kawo maganar cewa Pioneer ya taɓa sayar wa Tarayyar Sobiyat irin.

A nan ne tsohon shirin da Pioneer ya yi ya cece shi. Lauyoyinsa sun nuna wa kotu cewa duk manomin da aka ba iyayen iri ya shuka wa kamfanin, sai ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai ba kowa ba. Gonakin ba su da allon da ke nuna abin da aka shuka. Jakunkunan irin ba suna a jikinsu, sai lambobin da ma'aikatan kamfanin kaɗai suka san ma'anarsu. Idan uban iri ya gama aikinsa a gona, sai a cire shi a gauraya da wata masara don kada wani ya tsinta. Cinikin da aka yi da Tarayyar Sobiyat ma da sharaɗin riƙe sirri aka yi shi. Kotu ta ce wannan ƙoƙari ya isa. Doka ba ta ce sai mutum ya gina wa gonarsa katangar ƙarfe ba. Abin da take nema shi ne a ga ya yi tsaron da hankali zai ɗauka.

Daga nan sai tambaya ta juya kan Holden. Idan ba na Pioneer ba ne, to kai ina ka samo naka? Duk mai binciken iri yana da littafin da yake rubuta asalin kowane iri, daga wace uwa, daga wane uba, a wace shekara. Holden ya kasa kawo gamsasshen bayani a kan asalin nasa. Irin da ya ce daga shi ya fara ma babu shi, an zubar, don haka ba a sami damar gwada shi ba. An kuma ji shaida cewa kamfanin ya daɗe yana neman irin Pioneer a gonakin mutane. Alƙali ya haɗa waɗannan duka, ya yanke a 1987 cewa an ɗauki sirrin Pioneer ta hanyar da ba ta dace ba. Daga baya aka yanke diyyar dala miliyan 46 da 'yan kai. Holden ya ɗaukaka ƙara, amma a 1994 kotun sama ta tabbatar da hukuncin.

A lissafa a gani. Daga 1981 zuwa 1994 shekara 13 ke nan. Yaron da aka haifa ranar da aka shigar da ƙara ya isa riƙe garma kafin a gama. Duk tsawon wannan lokaci lauyoyin ɓangarorin biyu suna karɓar kuɗinsu, kuma a Amurka irin waɗannan lauyoyi yawanci da awa ake biyansu. Hukuncin bai kashe Holden ba. A 1997 kamfanin Monsanto ya saye shi a kan kuɗi wajen dala biliyan 1.

Aikin da ake yi tun kafin ɓarna

Wanda ya bi labarin nan da kyau zai ga cewa rabin nasarar Pioneer tun kafin a je kotu aka same ta. Takardun alkawari da lambobin jaka su ne suka tsaya masa. Irin wannan shiri shi ne babban aikin ofisoshin lauyoyin da muke magana a kansu, ko da yake ba shi ne ake jin labarinsa ba.

Idan kamfani ya ɗauke su, sukan fara da tambayar mai kamfanin: mene ne ainihin sirrinka? Da yawa ba su iya ba da amsa kai tsaye. Sai su ce komai namu sirri ne. Lauya zai ce a'a, wanda ya ce komai sirri ne, a gaban alƙali kamar ya ce ba shi da sirri ko ɗaya. Sai a zauna a ware. Wannan haɗin magani ne, wannan jerin sunayen masu sayen kaya ne da farashin da ake ba kowa, wannan kuma zanen inji ne. Sannan a tsara wa zai gani, wa ba zai gani ba. Mai gadi ba ya bukatar sanin haɗin. Mai haɗin ba ya bukatar sanin farashi. A rubuta takardar alkawarin riƙe sirri, sabon ma'aikaci ya sa hannu ranar da ya kama aiki. Ranar da zai bar aiki kuma a zauna da shi, a karɓi makullai da takardu da kwamfuta, a tuna masa alkawarin da ya ɗauka.

An fi sa ido a kan ma'aikaci ne saboda sirri ya fi fita ta ƙofa, ba ta katanga ba. Mafi yawan ƙararrakin nan tsakanin kamfani ne da tsohon ma'aikacinsa, ko abokin cinikin da aka nuna wa abu bisa amana. A zamanin yanzu kuwa abin da a da sai an cika mota da takardu, mutum yana iya kwashe shi a cikin wayar hannu.

Idan ɓarna ta auku, lauya yakan fara da wasiƙar gargaɗi. Idan ba a ji ba, sai ya garzaya kotu neman umarnin dakatarwa, wato alƙali ya hana wanda ake zargi amfani da abin ko nuna wa wani har a gama shari'a. Gaggawa ake yi a nan, cikin kwanaki, domin sirrin da ya bazu ba ya komawa. Akwai kuma wani haɗari. Kotu wuri ne na jama'a, kowa yana iya shiga ya saurara. Yaya mutum zai nuna wa alƙali abin da aka sace masa ba tare da ya tona shi da bakinsa ba? Don haka lauyoyi kan nemi a rufe wasu takardu, a ce lauyoyi da masanan da kotu ta amince da su ne kaɗai za su gani. Wani lokaci har a fitar da 'yan kallo daga ɗakin.

Tun daga 2016 Amurka tana da dokar tarayya da ta ba mai sirri damar kai irin wannan ƙara kotun tarayya kai tsaye. Dokar ta ba shi shekara 3 daga lokacin da ya gane an yi masa sata, ko ya kamata a ce ya gane. Idan an tabbatar da gangan aka yi, da mugun nufi, alƙali yana iya ƙara wa mai laifi tarar da ta kai ninki biyu na diyyar. Duk da haka yawancin ƙararrakin ba su kai ga hukunci. Sulhu ake yi. A 2017 kamfanin Waymo ya yi ƙarar kamfanin Uber a kan sirrin motar da ke tuƙa kanta. An fara sauraron shari'a a watan Fabrairu na 2018, ba a yi mako guda ba suka sasanta. Uber ya ba da hannun jarinsa na kimanin dala miliyan 245.

Ba kowace kama ce sata ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya yi abu irin na wani ya yi laifi. Doka ta bar ƙofofi a buɗe. Idan ka zauna da ƙwaƙwalwarka ka gano abin da wani ya ɓoye, halalinka ne. Idan ka sayi kayansa a kasuwa, ka kwance, ka ɗanɗana, ka auna har ka gane yadda ya yi, wannan ma doka ba ta hana ba. Abin da ta hana shi ne sata, da ba da cin hanci, da yaudara, da cin amana, da leƙen asiri.

Shi leƙen asiri yana da wani labari mai ban dariya. A 1969 kamfanin DuPont yana gina wata masana'anta a jihar Tekzas, ba a riga an yi mata rufi ba. Sai ma'aikata suka ga ƙaramin jirgin sama yana ta kewaya wurin. Ashe masu ɗaukar hoto ne wani ya yi haya. Da aka kai su kotu suka ce ba su taka ƙasar kowa ba, sararin sama kuma na kowa ne. A 1970 kotu ta ce wannan ba hujja ba ce. Kamfanin ya kewaye wurinsa, ya yi tsaron da ya dace. Ba za a ce sai ya yi wa ginin da ba a gama ba rumfa don tsoron mai leƙe daga sama ba.

Su waɗannan ofisoshin lauyoyi ba masu ƙara kaɗai suke tsaya wa ba. Yau suna wannan gefe, gobe a wata shari'ar suna wancan. Kuma wanda ake ƙara sau da yawa yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya yi shekara 15 yana aiki a wuri ɗaya, hannunsa ya faɗa, idonsa ya buɗe. Wannan gwaninta tasa ce, ba ta kamfani ba ce, kuma yana da ikon tafiya da ita duk inda zai sami abinci. Raba tsakanin gwanintar ma'aikaci da sirrin maigida shi ne wuri mafi wuya a wannan fanni. A ganinmu a nan ne ya kamata alƙalai su fi buɗe ido. Babban kamfani yana iya aika wa ƙaramin ma'aikaci wasiƙar lauya don tsoratarwa kawai, ya san ba shi da kuɗin shari'a. Jihar Kalifoniya ta daɗe da ƙin yarda da takardar da ke hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasar maigidansa. Dokar 2016 kuma ta kare ma'aikacin da ya kai wa hukuma ko lauyansa sirrin kamfani a asirce don ya tona wani laifi da ake aikatawa.

Wani lokaci har kurkuku

Duk abin da muka faɗa a baya shari'ar neman diyya ce tsakanin kamfani da kamfani. Amma tun 1996 satar sirrin sana'a ta zama babban laifi a dokar tarayyar Amurka, wanda gwamnati da kanta ke gurfanar da mutum a kansa. A irin wannan hali aikin lauyan kamfani shi ne ya tattara hujja ya miƙa wa hukuma.

A 2006 wata sakatariya a hedkwatar Coca-Cola ta kwashi takardun sirri da samfurin wani sabon lemo da ba a fitar ba. Ita da wasu mutum biyu suka nemi sayar wa kamfanin Pepsi. Maimakon ya saya, sai Pepsi ya sanar da Coca-Cola, aka kira hukumar bincike ta FBI. Jami'an hukumar suka yi shigar masu saye, aka yi ciniki a kan dala miliyan 1 da rabi, sannan aka kama su. A 2007 aka ɗaure matar shekara 8. Ba kirki ne kaɗai ya sa Pepsi ya yi haka ba. Wanda ya karɓi sirri alhali ya san na sata ne, shi ma doka tana hawa kansa.

Masarar Ayowa ma ta sake shiga labari. A watan Mayu na 2011 wani ma'aikacin Pioneer ya tarar da wani mutum durƙushe a gonar kamfanin yana tonon irin da aka shuka. Da aka tambaye shi sai ya ce daga jami'a yake, ya faɗa mota suka gudu. An riƙe lambar motar. Bincike ya nuna ma'aikacin wani kamfanin iri ne na ƙasar Sin. Jami'an FBI suka yi ta bin sawunsa da na abokansa. A 2012 aka tare wasunsu za su fita daga ƙasar, aka sami ƙwayoyin iri a ɓoye cikin kwalayen masarar gugguru. An kama shi a watan Disamba na 2013, ya amsa laifinsa a 2016, aka ɗaure shi shekara 3, gwamnati kuma ta ƙwace gonaki biyu da aka saya don wannan aiki. Pioneer ya shaida wa hukuma cewa rasa uwar iri guda ɗaya daidai yake da asarar binciken shekara 5 zuwa 8, da kuɗin da bai gaza dala miliyan 30 ba.

A nan gida fa?

Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1995, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ta wajabta wa kowace ƙasa ta kare sirrin kasuwanci. Abin da lauya a nan ya fi dogara da shi idan irin wannan magana ta taso abu biyu ne. Na farko takardar yarjejeniya, idan akwai. Na biyu ƙa'idar riƙon amana, wadda kotunanmu suka gada daga shari'ar Ingila. A ƙarƙashinta sai mai ƙara ya nuna cewa abin sirri ne, cewa bisa amana aka ba wanda ake ƙara, kuma ya yi amfani da shi ba da izini ba.

Ke nan ƙungiyar mata masu yin sabulu ko man shafawa, idan wani ɗan kasuwa ya zo ya ce su nuna masa haɗinsu don ya zuba jari, suna da ikon cewa a rubuta takarda tukuna, a sa hannu a gaban shaidu, a faɗi abin da aka nuna masa da abin da aka hana shi yi da shi. Idan suka zayyana masa komai a tsakiyar kasuwa kowa yana ji, ba lauyan da zai iya dawo musu da shi. Maigidan da ke son hana yaronsa buɗe irin sana'arsa bayan ya yaye shi kuwa, ya sani kotu ba ta karɓar irin wannan sharaɗi sai ya zama daidai wa daida, a wurin da ya shafa da tsawon lokacinsa.

Wani manomi zai tambaya, to ni da nake sayen iri mai aure a shago, akwai abin da ya shafe ni? Sayen jaka a kasuwa da shuka ta a gona ba satar sirri ba ce. Wanda maganar ta shafa shi ne manomin da kamfanin iri ya ba uwa da uba ya shuka masa a kan yarjejeniya. Shi wannan amana ce a hannunsa. Ya karanta takardar da kyau kafin ya sa hannu, ko ya sa wanda ya yarda da shi ya karanta masa, ya ji abin da aka ce game da ajiye irin ko ba maƙwabci. Akwai kuma wata doka dabam da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2021, ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon irin shuka. Ita wannan hanyar rajista ce, ba ta ɓoyewa ba. Mai irin yakan kai shi ofishin gwamnati a gwada, a ba shi takarda mai wa'adi.